Hanyar da na zana a cikin teku

Mun tashi da asuba daga Harra ta Yamma, unguwarmu a Madina, ni da Kawuna, a tsohuwar motarsa da yake jigilar kaya zuwa Yanbu. Baharain muka nufa. Wani kamfanin tsara hanyoyi ne ya kira ni ganawa, bayan na yi kusan shekara da gama karatun injiniyan hanya ina zaune a gida. Umma ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce in je ba. Ta miƙo ledar dabinon Awali ta taga, ta ce mutane suna sayar da gonakinsu don su zo Madina, ni kuma ina neman ƙofar fita. Na san ko sun ɗauke ni, in ba ta amince ba babu inda za ni.

Kafin mu bar baƙaƙen duwatsun gari na duba iƙamata, wato katin izinin zama, da takardar fita da dawowa sau uku, ƙila huɗu. Kawu ya ce in na sake buɗe jakar zai jefa ta bayan mota.

Hanyar Ƙasim miƙaƙƙiya ce har ido ya gaji, da shinge a gefenta saboda raƙuma. Da rana ta ɗaga, kwalta ta riƙa ƙyalli kamar ruwa a gabanmu, muna matsawa tana janyewa. Na yi gyangyaɗi, na ga kamar motar a tsaye take, saharar ce ke wucewa. A wani gidan mai muka ci shinkafa da kaza, faranti ɗaya ya ishe mu har da saura, kuma bai kai tsadar na kusa da Harami ba. Mun kwana Dammam wajen abokin Kawu. Can na shimfiɗa darduma na fuskanci kudu kamar yadda muke yi a Madina, sai da mai gidan ya kama kafaɗata ya juya ni yamma.

Da sassafe muka hau gadar da ta haɗa mu da Baharain. Ban san yadda zan kwatanta ta ba. Ruwa dama, ruwa hagu, kore a kusa, shuɗi can nesa, ga hazo ya kwanta har ba a gane inda teku ya ƙare sama ta fara. Ni da na tashi cikin dutse, sai na ji kamar mafarki nake. A tsakiya akwai ɗan tsibiri inda ake duba takardu. Takardun da na yi mako ina jujjuyawa, jami'in bai yi minti ɗaya a kansu ba.

Ƙasar ƙarama ce, amma motocinta ba su san haka ba. Mun isa da sauran awa biyu kafin ganawar. Kawu ya tafi neman shayin madara da suke kira karak da wata taliya mai sukari da ake ɗora mata ƙwai, ya dawo yana cewa bai gane ba, karin kumallo ya ci ko alewa. Ni kuwa tsoro ya hana ni cin komai. Na tsaya a wata mararraba da littafina ina kallon danja. Motocin makaranta, na ma'aikata da waɗanda suka sauko daga gada duk lokaci ɗaya suka taru, aka cushe. Bayan kamar rabin awa titin ya zama wayam, har da tsuntsayen teku a kan kwalta.

Wadda ta gana da ni injiniya ce dattijuwa mai tabarau. Ta shimfiɗa taswira, ta nuna wata unguwa, ta ce nan ke cushewa kowace safiya, me zan yi?

A Madina hanyoyinmu zobba ne da suka kewaye Harami, ɗaya bayan ɗaya. In gari ya cika, sai a ƙara wani zoben a waje, fili ba ya ƙarewa. Kafin in yi tunani hannuna ya zana zobe. Da na duba, rabinsa yana cikin teku.

"Motocin iyo za su yi?" ta tambaya, tana kallona ta saman tabarau.

Na ba ta haƙuri, na ce ɗan Madina ne ni, hannun ne ya saba. Sannan na buɗe littafina. Na ce safiya ɗaya kawai na gani, ƙila na yi kuskure, amma a ganina titin bai yi kaɗan ba, lokacin ne kowa ya taru a kai. In aka ɗan raba lokutan shiga makarantu da wuraren aiki, aka daidaita danja da hakan, ƙila a samu sauƙi ba tare da an cike teku da yashi ba. Ta yi rubutu mai tsawo. Da zan fita ta miƙo mini taswirar, ta ce in ajiye zobena.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin abin da na koya. Ina ganin shekarun karatuna duk ƙarin hanya na iya. Ban taɓa tunanin akwai inda ƙasa ke ƙarewa ba, inda sai dai mutane su raba ɗan abin da ke akwai. Saƙon kamfanin ya shigo wayata lokacin da muka fara hango baƙin dutsen gida: in fara gwajin wata uku. Kawu ya danna oda sau biyu. Ni kuwa Umma na tuna.

Bayan la'asar na shimfiɗa wa Umma taswirar a kan tabarma, na faɗa mata komai, har da zoben. Ta yi dariya kaɗan, ta daɗe tana kallon shuɗin da ya kewaye tsibirin. Daga nan ta ɗora yatsa a kan siririn layin gadar.

"Wannan, yadda ake tafiya a kanta, haka ake dawowa?"

Na ce hannu biyu ce, Umma, na gani da idona.

Ta naɗe taswirar ta miƙo mini. "To, je ka. Allah ya tsare."