Takarda Biyu a Hular Yaya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, tsohon malamin tarihi, bayan jinyar kwana tara. Shi ya ba mu shi, shi ya karɓi abinsa. Na ɗauki alƙalami da niyyar kuka, Yaya, amma duk abin da na tuna game da kai sai in ji zuciyata tana rawa kamar ranar da na ga aikinka da idona.

Da ka ajiye alli ka buɗe shagon ɗinkin littattafai, mun zaci za ka huta da surutu. Ina! Kowace Asabar bayan la'asar sai a ture teburin gam gefe, a jera benci, abokanka su hallara a yi muhawara. Dokarka ɗaya ce: ba mai zaɓar ɓangarensa. Kai za ka rubuta takardu ka zuba a hularka, abin da mutum ya zaro shi zai kare, ko da ya tsane shi. Sau nawa na ce maka wannan aikin marasa aikin yi ne, kana dariya kana cewa ma'aikatan jinya irina allura kawai muka iya.

Sai ga shi abin ya zo gidana. Ɗana Dogo, yana shekarar ƙarshe a jami'a, ya daina dariya. Kullum idonsa na kan waya yana kallon gidajen da aka rushe da yaran da ake zarowa daga ƙarƙashin ɓaraguzai a Falasɗinu. Ya yi sababbin abokai da ba sa shigowa su gaishe ni. Wata safiya ina share ɗakinsa na tarar da jaka a ɗaure ƙarƙashin gado, da wasiƙar ban kwana da ya rubuta mini bai gama ba. Ko takalmi ban daidaita ba na iso shagonka. Na ce ka zo ka yi masa faɗa, ko mu kulle shi. Ka ce, "Ƙanwata, ki kawo mini shi Asabar, ki ce Kawu na neman mai jayayya."

Ranar shagon ya cika har bakin ƙofa. Ka karanta maudu'in da muryar nan taka ta aji: me ƙasashen Yamma za su sauya a mu'amalarsu da Larabawa da Isra'ilawa don ta'addanci ya ragu? Mutum biyu za su kara, kai da Dogo. Ɗaya wakilin Yamma, ɗaya mai kiran matasa su ɗauki makami. Dogo ya sa hannu a hula, ya buɗe takarda, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Wakilin Yamma ya zaro. Ya miƙe zai fita, mai gyaran rediyo da ke bakin ƙofa ya ce, "A'a, ɗan samari, tsoron tsoho kake ji?" Ya dawo ya zauna.

Wallahi, Yaya, ka ba ni tsoro. Ka miƙe ka zama wani mutum daban. Duk kalaman da nake jiyowa ta bangon ɗakin ɗana, ka zazzage su tas, har ka fi masu su iya faɗa. Ka ce ba a jin kukan mai rauni sai ya zubar da jini, ka ce kasuwa da tashar mota duk filin daga ne.

Dogo ya fara a sanyaye, kamar mai haɗiyar magani. Ya ce in shi ne Yamma, zai auna jinin Balarabe da na Ba'isra'ile da mudu ɗaya. Zai sa sharaɗi a kan makaman da yake bayarwa, ya tsaya tsayin daka har Falasɗinawa su sami ƙasarsu, Isra'ilawa su kwana da ido biyu a rufe, don masu farautar matasa su rasa abin nunawa. Ka katse shi ka ce ko an yi duk wannan, ku ba za ku ajiye makami ba. Nan fa yaron ya hau! Ya buga teburin gam har almakashi ya faɗi. Ya ce, "To ashe ba don su kake yi ba, Kawu! Matar da ta je sayen tumatir, me ta yi maka? Wane gida bam ɗinka ya taɓa ginawa?" Benci ya kaure da tafi, ni kuwa ina ihu ina hawaye, na manta ni uwa ce a gaban mutane. Shi kuma ya tsaya cak, yana jin abin da bakinsa ya faɗa.

Da aka watse ina tattara kofuna na ɗaga hularka. Takardar da ta rage a ciki ita ma wakilin Yamma aka rubuta. Na dube ka, ka ɗora yatsa a baki. Shekara talatin kana alfahari ba ka taɓa maguɗi ba, ka yi shi sau ɗaya saboda ni.

Ba rana ɗaya ya warke ba. Wata shida yana zuwa shagon yana musu da kai, har yau kuma abin da ake yi wa raunana yana ƙona masa rai, kamar yadda yake ƙona maka. Amma jakar ta koma kan kabad. Abokansa biyu sun tafi ɗaukar makami a watan da aka yi muhawarar, kuma har yanzu iyayensu mata ba su san inda za su je su yi musu addu'a ba.

Ya Allah, ka jiƙan yayana, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, Antinmu mai haƙuri, da 'ya'yansa huɗu, da ɗalibansa, da mutanen benci. Allah ya ba mu juriyar rashi.

An ce mini Dogo ne ya shiga kabari ya karɓe ka da hannunsa. Ka huta, Yaya. Saboda kai, ni ma ina da ɗan da zai karɓe ni.