Ƙafafun Mariyatu

Mariyatu 'yar Tabotaki ce, kuma a lisen Madawa, wato lakkwal ta sakandare, an san ta da abu biyu: kan lissafi da goyo. Tana ajin ƙarshe, shekarar jarrabawar fita da ake kira bak, ga 'yarta Salima mai shekara uku. Uban yarinyar, Mahfuzu, ya tafi biɗar kuɗi Aljeriya, da ya kwana biyu sai ya aiko mata da saki ta waya, a taƙaice kamar mai sallamar ɗan ƙodago. Uwarsa Hamsatu, can Babankatami, ta bar mata yarinyar bisa sharaɗi: ranar da ta ji abin da bai yi mata daɗi ba, za ta zo ta ɗauki jikarta.

Ga haya, ga cefane, ba uwa ba uba. Asabar da Lahadi da la'asar Mariyatu kan bar Salima wurin maƙwabciya, ta hau kabu-kabu zuwa wani gidan dirama a bayan gari, fili ne da aka kewaye da zana, maza su biya su shiga, 'yan mata su yi rawa ana musu liƙi. Takan sa gashin kanti da baƙin tabarau, ta amsa wani suna. Ban ce sana'ar kirki ba ce, ita ma ba ta taɓa cewa ba. Amma masu tsine wa 'yan rawa a bakin kasuwa, da yawansu ta san ƙamshin turarensu.

Ana nan sai ga Faruƙ, wanda suka yi kwalej tare, mai kamarar ɗaukar bukukuwa, wai fim zai yi.

"Labarinki nika so," in ji shi, "don mutane su san wahalad da ɗiyan lakkwal ka sha. Ba sunanki, ba huskakki."

Ba a taɓa tambayarta yadda take ji ba, don haka ta zauna ta zazzage masa cikinta kaf. Ya ba Samira matsayin, 'yar wani ɗan kasuwa, kyakkyawa, gwanar kuka. Sai dai ubanta ya ce wasa ya yarda, rawa kuwa ko da wasa. Faruƙ ya dawo yana murza hannu: Mariyatu ta taka, shi kuma zai ɗauka daga gwiwa zuwa ƙasa kawai, a haɗa da fuskar Samira. Wa zai gane mutum da ƙafa? Ta tuɓe takalmi ta taka masa.

Fim ya fito, ya bi katin waya daga rumfar caji zuwa rumfar caji har Keita. Mariyatu ta kalla, ranta ya ɓaci. A ciki 'yar rawar ciwo ta kwanta, ta mutu tana neman gafara, aka miƙa ɗiyarta ga kaka, kowa ya share hawaye. Ba wurin da aka nuna ta tana bitar darasi da yarinya a cinya.

"In ba ta mutu ba," in ji Faruƙ, "cewa za a yi iskanci muka koya ma ɗiya."

A wani gidan suna a Babankatami mata suka taru kan waya ɗaya suna kallo. Da aka zo wurin rawa, Hamsatu ta ce a tsayar. Ta karɓi wayar ta kai kusa da ido. A idon sawun hagu akwai tabon ƙuna. Da Mariyatu ta haihu, ba ta da uwar da za ta je gidanta wanka, Hamsatu ce ta yi mata wankan jego, kuma daga hannunta tafasasshen ruwa ya kuɓuce ya zuba a wannan ƙafa. Kwana arba'in tana shafa mata magani da gashin kaza. Ko a cikin ƙafa dubu za ta fitar da ita.

Washegari Hamsatu ta sauka Madawa a motar farko. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗaga zanenki in gani."

"Inna, ki saurare ni."

"Na saurara kwana arba'in. Ina kayan ɗiyag ga?"

Mariyatu ta durƙusa, ta ce saura wata biyu ta yi bak, ta rantse ta bar rawa daga yau. Hamsatu ta goya Salima da kanta, ta ce in Mariyatu ta natsu, za a duba ko ta riƙa zuwa gani.

Samira ta yi suna, har a rediyo aka yaba yadda ta iya taku. Mariyatu ta ci bak, ba wanda ta yi wa albishir. Da kaka ta yi, bayan aike uku, aka ce ta zo Babankatami.

Ta tarar da matan gidan suna dakan gero, suna lugude da tafi. Salima ta sheƙo ta faɗa jikinta, ta ƙanƙame ta. Murna ta hana yarinyar tsayuwa wuri ɗaya, ga lugude yana tashi, sai ta riƙe ƙugu ta shiga takawa, tana dariya tana duban uwarta ta yaba. Kuma wallahi ta iya.

Taɓarya ta tsaya. Ido duk ya koma kan Mariyatu. Ta san abin da ake jira, ta kuma san in ba ta yi ba, ita da ƙofar gidan nan har abada. Ta cire takalminta ta tsula wa yarinyar a ƙafa, sau biyu, da ƙarfi.

"Kak ki ƙara!"

Salima ba ta yi kuka nan da nan ba, mamaki ya hana ta. Hamsatu ta gyaɗa kai.

"To, madalla. Kina iya dawowa da Salla."

Da Mariyatu ta tashi tafiya ta miƙa hannu, yarinyar ta ɓuya bayan kakarta, ta riƙe zanenta gam.