Shekarar da Kifina Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Shekarun baya, tun Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Sakkwato, autana ya fara ramewa ina ji ina gani. Saurayi ne kakkaura mai noman shinkafa a Gulma, sai ga wuya ya koma kamar na zabo. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, inda ya yi fitsari kuwa tururuwa ke taruwa.

Ni kuwa duk Argungu an san hannuna a miyar kifi. Na ce yunwa ce, kuma maganinta yana tukunyata. Tarwaɗa da safe, giwan ruwa da rana, ga wake, ga nono. Yana ci har ya suɗe kwano, yana ƙara bushewa. Mata suka fara raɗa wai girkina aka yi wa baki. Abin ya ƙona mini rai, ga tsoron rasa yaron ya hana ni sukuni.

Ƙanena ya kwashe mu sai asibiti a Birnin Kebbi. Aka auna jini, aka ce ciwon suga ne, sai allura kullum. Na kafe. Na dubi ma'aikaciyar jinyar, wata Kirista 'yar Filato mai Hausa kamar tamu, na ce, "Ɗiyata, wanda kifina bai tayar ba, ɗan ruwan kwalba ne zai tayar da shi?"

Ta yi dariya. "Inna, in baƙo ya yi sallama a zaurenku, kutsawa yake yi?"

"Wane shi! Sai an ce ya shigo."

"To naman jikin mutum 'yan ɗakuna ne ƙanana, kowane da ƙofarsa. Kifinku ya narke, ya bi jini, yana tsaye yana ta sallama. Mai kai saƙon a buɗe ne ya ƙare a jikinsa. Shi ke cikin allurar nan."

Ashe baƙona aka bari a rana! Na ce, "Ku soka masa."

Kafin a yanke shinkafa kumatu suka dawo. Ranar da na ga ya saɓa buhu shi kaɗai, na faɗa ɗaki na yi kukana na more.

Tun daga nan ba na raina mai buɗe ƙofa, komai ƙanƙantarsa. Yau autan nan furfura gare shi, jikoki na hawa tumbinsa, shi da allurar kuma ba su rabu ba. In ya tsokane ni ya ce ita ta raya shi, ce masa nake, "Kai, yaro wanga! Ita ƙofa kawai ta buɗe. Wa ya shiga?"