Ranar da Aka Ƙi Tsayar wa Mantau da Kyamara

Mahaifiyata tela ce kafin ta zama abin kallo. Ita ke ɗinka wa 'yan wasa kaya a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidan talabijin, ɗakin da ba taga sai fanka mai kukan tsiya. Wata rana wadda za ta fito a maƙwabciya ba ta zo ba, darakta ya leƙo ya ce, "Ke tela, zo ki faɗi magana ɗaya ki koma kan kekenki."

Ta fito da tef ɗin awo a wuya, maganar ta ɓace mata. Sai ta dubi Baba Dogo, wanda ke fitowa a maigida, ta ce, "To ni me ma ya kawo ni gidanka?" Mai ɗaukar hoto ya yi dariya har kyamara ta girgiza. Daga ranar sunanta ya koma Mantau, kuma darakta ya kafa doka: in Mantau ta kauce wa abin da aka rubuta, kada wanda ya tsayar da kyamara, don a nan ne dariyar take.

Shekara da shekaru duk mako tana cikin falon mutane. Jaridu suka ɗaga ta sama, sannan suka fara neman inda za su jefar. Da aurenta da babanmu ya mutu, sai da suka buga har da hoton ƙofar gidanmu. Akwai wani marubuci mai farin gilashi da ya sa ta a gaba, shi ne ya rubuta cewa ta tsufa, wasanta ma ya tsufa. Har yau in na gan shi raina ɓaci yake. Ita kuwa sai ta ce, "Rabu da su, Auta, ƙuda ai miki yake nema." Amma da suka buga hoton wata abokiyar aikinta a gadon asibiti, baki a karkace, Mama ba ta yi wasa ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "In nawa ya zo, ki rufa min asiri. Gara su zage ni da su ji tausayina."

Nata ya zo bayan an daina shirin. Ta fara da neman almakashin da ke hannunta, ta kai ga tsayawa a bakin titinmu ba ta san gidan da za ta shiga ba. Likita ya faɗa mana sunan ciwon. Na rufe bakina kamar yadda na yi alkawari.

Sai ga gidan talabijin sun aiko: za a tara tsofaffin 'yan wasan, a yi shiri guda kai tsaye a gaban jama'a. Na ce ba za ta je ba. Ranar kuwa kanta garau yake, ta harare ni ta ce, "Ke kika haife ni? In ban je ba, me kike so su rubuta?" Dole na haƙura.

Da yammar ranar shirin na ɗaura mata ɗankwali a ɗakin kwalliya. Muka maimaita maganganunta, ta kawo su tsaf. Na raka ta har bakin labule, na leƙa. Kujeru cike, kuma ga mai farin gilashi a sahun gaba, biro a hannu.

Da farko komai ya tafi daidai. Ta shigo, aka yi tafi, ta tsokani Baba Dogo a kan sanƙonsa. Sai ya ce, "Maƙwabciya, yau kuma me kika zo ara?"

Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta dubi fitilu, ta dubi bangon katako da aka yi wa fenti kamar falo. Ta ce, "Malam, nan ina ne?"

Ɗakin ya kece da dariya.

"Su wane ne waɗannan? Me na yi musu?"

Dariya ta ƙaru, wani har da buga ƙafa. Ni da na san muryarta, na gane ba wasa take yi ba. Mantau ta wasa ƙugu take riƙewa in ta manta. Wannan kuwa bakin mayafinta take murzawa, tana ja da baya.

Na ruga wurin darakta, yana tsaye bayan kyamara yana share hawayen dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah a tafi talla."

"Talla? Yarinya, ai kin san doka. Dubi abin da take yi, ko a da ba ta taɓa kai haka ba!"

"Don Allah, ranka ya daɗe."

"Ba ni dalili."

Dalilin na bakina, alkawari ya danne shi. Na juya na dubi mai farin gilashi, ya sunkuya yana rubutu yana murmushi. In na yi shiru, gobe zai yabe ta, asirinta ya rufu. Abin da ta roƙe ni ke nan.

Sai na ji ta ɗaga murya: "Auta! Auta, kina ina?" Mutane suka ɗauka sabon salo ne, wasu suka shiga taya ta kira. Baba Dogo ya miƙa hannu zai kama ta, ta ƙwace a firgice, ta yi karo da tebur.

Ban san lokacin da na tsallake wayoyin ba. Na shiga cikin hasken, a gaban kyamara da duk wanda ke kallo a gida, na rungume ta. Na ce, "Ga ni, Mama. Zo mu tafi gida."

Dariyar ta mutu daga sahun gaba zuwa na baya. Baba Dogo ya cire hularsa. Na san na karya alkawari, kuma na san abin da za a buga gobe.

Muna isa bayan labule ta tsaya cak, ta karkata kunne wajen jama'a. Tsoron ya bar fuskarta, wata damuwar ta maye gurbinsa.

"Auta, me ya sa suka yi shiru?"

"Ba komai, Mama."

"A'a. Ban taɓa fita na bar su shiru ba." Ta fara gyara ɗankwalinta. "Sake ni in koma in gyara."