Sabis a Gyaɗar Baffa

Yayata mai binciken magunguna ta zo gida jinyar Inna da damina, sai ranar aikinta ta faɗo a ciki. Wai akwai wani furotin da ƙwayar maleriya ke rayuwa da shi. Sai su lallaɓa shi ya daskare kamar ƙwayar gishiri, su jiƙa shi da maganin da suke gwadawa, a haska shi da eksire a ga ko maganin ya kama shi. Na ce, "Yaya, duk bokon nan ashe gishiri kike dafawa?" Ko murmushi. Gishirin nata yana can Turai cikin na'ura, an ba ta daga azahar zuwa la'asar ta sarrafa ta da kwamfuta daga nan. In ta rasa, layi ya wuce ta sai baɗi.

To mu sabis wuri ɗaya yake sauka a ƙauyenmu: kan surin da ke tsakiyar gyaɗar Baffa, ƙanen Baba. Su biyun ko gaisawa ba sa yi tun da aka tumɓuke gambar iyaka.

Muka lallaɓa. Ta zauna tsakanin kunyoyi, ni na hau suri na ɗaga waya tana jan data. Hadari ya haɗo daga gabas. Ta haska gishiri na farko, allo wayam. Na biyu ma haka. Na ƙara ɗaga wayar sama.

Sai ga Baffa, fartanya a kafaɗa.

"Kai! Uban me kake min a gona?"

"Barka da aiki, Baffa. Gara muka zo gaisarwa."

"Sauko."

Yaya ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baffa, don Allah. In ya sauke hannun nan, aikina ya mutu."

Ya dubi gyaɗar da na tattake, ya dube ni. "Na ce sauko."

Na sauko. Sabis ya ɗauke. Yaya ta ɗora hannu a ka.

Baffa ya fizge wayar. "Ita 'yata ce. Kai kuwa ƙafar ubanka gare ka. Koma bayan iyaka." Ya jefar da fartanya, ya tattare riga ya haye surin da kansa. Ya fi ni tsawo nesa.

Ina hange daga gonarmu. Ta haska na uku, sai na ji ta ce, "Ya fito! Ɗigo-ɗigo, kamar an watsa gero!"

Yayyafi ya fara. Ta ja mayafi ta rufe kwamfutar har da kanta.

"Baffa, kar ka motsa."

"Wa ya ce miki zan motsa? Yi aikinki."