Filin da Oga Ya Saurara a Waya

Na daɗe ina sa rai wata rana zan zauna a babban filin ƙwallon birnin Milan, mai ginshiƙan nan da ke murɗewa sama kamar igiya. Ban taɓa wuce Abuja ba. Amma lokacin da nake aiki a masaƙa a Kakuri, ina saurayi, jikina da ƙarfi, abin bai yi mini nisa ba ko kaɗan.

Wanda ya fi ni wannan ciwo shi ne shugaban sashenmu na saƙa, wani dogon mutum ɗan kudancin jihar nan, mai son gardama. Oga muke ce masa, har yau ma haka nake kiransa. Shi filinsa a arewacin Landan yake. Ya san tashar jirgin ƙasan da ake sauka, ya san ƙofar da zai bi, har wurin zama ya zaɓa, bayan raga, can ƙasa-ƙasa, wai don ya riƙa jin ƙarar takalmi in ya haɗu da ƙwallo. In an fita cin abinci sai mu zauna a gindin katanga, auduga duk ta manne mana a gashi, muna tsara tafiya. Landan tukuna, in ji shi, sannan mu biya Milan don kada in yi fushi, mu leƙa Madrid. In da sauran ƙarfi mu haye Brazil mu ga wanda ke Rio.

Sai masaƙa ta rufe. Aka ce na ɗan lokaci ne, muka yi ta zuwa bakin ƙofa muna komawa, har ciyawa ta rufe hanyar. Ni na ƙare da tuƙa keke mai ƙafa uku na haya, daga Makera zuwa Barnawa, daga Barnawa zuwa unguwar Television, tun safe har bayana ya ƙage. Oga ya tashi daga Makera ya koma Television, yana taya matarsa zama a ɗan shagonta. Ciwon suga ya kama shi, ya riƙa cin idonsa a hankali. Da farko lambar rigar 'yan wasa ce ta ɓace masa, daga baya ƙwallon ma.

Duk da haka bai daina zuwa gidan kallo ba. Ranar Asabar nakan ajiye aiki in ɗauko shi zuwa wani gidan kallo a Barnawa, rumfar kwano mai zafi da warin hayaƙin janareta. In zauna kusa da kunnensa ina faɗa masa wa ya ba wa, wa ya ɓarar. Sau da yawa a gajiye nake, bakina ma nauyi yake yi. In na yi shiru sai ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Malam, ka tafi Milan ne ka bar ni?"

'Yarsa ta fari ta yi karatun jinya, ta samu aiki a Ingila. Ta nema masa biza ya je ya ga filin nasa aka hana, ta sake nema aka sake hanawa.

Wata Lahadi da rana ya sa aka kira ni, wai in zo yanzu. Na same shi a tsakar gida a gindin mangwaro, inda waya ta fi samun sabis. Ya dawo daga coci, ya cire babbar riga ya sa jar rigar ƙungiyarsa, wadda ta yi masa yawa yanzu saboda rama. Matarsa ta miƙo mini wayar.

"Yarinyar ce ta je filin," in ji ta. "Ana zagayawa da baƙi in babu wasa. Ya ce kai kaɗai ka iya faɗa masa abu yadda yake ganewa."

Kiran bidiyon ya shigo. Ga yarinyar cikin ƙatuwar rigar sanyi, iska na kaɗa mata gashi.

"Kawu, ina wuni? Baba na kusa?"

"Ga shi nan, 'yata. Juya mana wayar."

Ta juya. Na matsa kusa da kunnensa kamar yadda muka saba. Na ce kujeru ne ja jere-jere har sama, babu kowa a kai. Na ce rufin ya lanƙwasa kamar bakin kwarya. Hoton ya tsaya cak, ya dawo, ya sake tsayawa.

"Ciyawar fa?" ya tambaya.

"Kore shar, Oga. Amma sun jera wasu fitilu masu taya a kanta."

Yarinyar ta ce ranarsu ba ta isa, shi ya sa ake haska wa ciyawa wuta don ta girma. Oga ya girgiza kai.

"Ciyawa ma wuta ake ba ta. Mu nan tun jiya ba su kawo ba." Ya ɗan gyara zama. "Je ki bayan raga, layin ƙasa. Ki zauna."

"Baba, ba sa bari. Akwai igiya, iya nan aka ce mu tsaya."

"Ki roƙe su mana. Ki ce babanki ne."

Muka ji tana magana da wani cikin Turanci, a ladabce. Ta dawo ta ce mutumin ya ba da haƙuri. Oga ya ce ba komai. Sai ya karɓi wayar daga hannuna ya kanga a kunne, alhali hoto ne ake nunawa.

"Yi shiru in ji wurin," ya ce mata.

Duk muka yi shiru. Ni abin da na jiyo iska ce kawai, da muryar mai zagayawa da su can nesa, sai kuma injin markaɗen maƙwabta a nan gefenmu. Ya daɗe a haka, bakinsa a ɗan buɗe. Bai ma san kiran ya katse ba sai da matarsa ta taɓa kafaɗarsa. Muka yi ta gwada kira, bai ƙara shiga ba.

"Ya kai yadda muke faɗa?" ya tambaye ni.

"A waya komai ƙarami ne, Oga."

Ya yi 'yar dariya. "Kai dai ka je naka tun idonka na gani."

Na ce in Allah ya yarda. Ban gaya masa na ji ana cewa za a rushe na Milan ɗin a gina sabo ba. Na tashi, don akwai sauran yini, fasinjoji kuma sun taru a bakin gareji.

Har yanzu in an nuna filin Milan ɗin a talabijin nakan rage gudu in ina wucewa ta gaban shago, in leƙa. Son zuwan yana nan, ƙarfin ne dai babu. Gwiwata ta dama ma ta fara ciwo in na hau matakalar masallaci, waɗancan ginshiƙan kuwa an ce da ƙafa ake zagaya su har sama.

Oga ya daina zuwa gidan kallo tun daga wannan Lahadin. Ya ce hayaniyar na sa masa ciwon kai. Rediyo yake kunnawa a ƙofar shago. Ina zuwa ranar Asabar in na samu hali, matarsa ta ba ni benci da ruwan sanyi. Yawanci kafin a tafi hutun rabin lokaci barci ya ɗauke ni a zaune, kaina jingine da bango. Yakan bar ni har a tashi wasa, sannan ya taɓa ni ya gaya mini yadda aka ƙare.