Akwatin Kiɗan Sitti da Turaren Juma'a

Kowa a gidanmu iskar teku ya ɗora wa laifi. Wai danshin Jidda ne ya cinye akwatin kiɗan kakata, yadda yake cin ƙarafan taga a unguwarmu ta Hindawiyya. Ba haka ba ne. Ni na buɗe cikinsa na gani. Kawuna ne ya ɓata shi, turaren wuta ya ƙarasa.

Akwatin katako ne mai murfi, kamar ƙaramar adaka. Ana ɗora masa faifan ƙarfe mai huji-huji, a wana mariƙi a gefe, faifan ya riƙa juyawa yana tsinkar haƙoran wani ƙarfe mai kama da mashaci, sai kiɗa ya fito. Kakata, da muke kira Sitti, ta samo shi a wani gida a unguwar Balad inda ta yi shekaru tana wanki da guga. Da matar gidan za ta tashi, ta ba ta shi da faifai uku. Biyu sun ɓace.

Tun ban iya tafiya ba haƙori ɗaya ya tsage. Kawu, ƙanen Ummana, ya ce shi zai gyara, tunda a garejin mota yake aiki. Ya narka dalma ya liƙe haƙorin da na kusa da shi, ya cusa giris ko'ina, ya bi komai da fenti mai ƙyalli, har mashacin. Ita kuma Sitti duk Juma'a sai ta ɗaga murfin ta kanga kaskon turare a bakinsa, kamar yadda take turara kayan sawarta. Inda ya yi ƙara ta ɗiga masa man turaren oud. Shekara ashirin ana haka. Kiɗan ya yi ta ja da baya har ya tsaya cak.

Da za mu koma wani ƙaramin gida a unguwar Madain Fahd, Umma ta ce duk abin da ba ya aiki kasuwar gwanjo za shi. Sitti idonta ya riga ya tafi. Ba ta yi musu ba, ta dai zauna ta ɗora hannu a kan murfin. Ni kuwa tun da na gama sakandare gyaran waya nake yi a gida, mata ke kawo min don ba sa son maza su ga hotunansu. Na ce a ba ni shi. Umma ta ce zuwa Alhamis.

Ran da na baje shi a kan tabarma Kawu ya shigo.

"Ke 'yar nan, wannan fa ba jawwal ba ne, irin wayoyin da kike gyarawa."

"Na sani, Kawu. Ba kuma giyar mota ba ce."

"Ba don ni ba da tuni an jefar da shi."

"To an kusa."

Umma ta leƙo daga kicin ta ce in iya bakina. Kawu ya sha shayinsa ya tafi.

Kwana uku na yi. Na fara sassauta sifirin da ke juya faifan a hankali, don in ya kubce sai ya tafi da yatsa. Na wanke girisin da sinadarin da nake goge cikin waya da shi, da tsohon buroshin haƙori, da tsinken sakace. Baƙin ƙaro ya yi ta fita, ɗakin duk ƙamshin oud. Na kankare fentin haƙori bayan haƙori, na cire dalmar Kawu. Akwai wata 'yar farfela a ciki mai daidaita gudun faifan, ta daskare kamar an dafa ta da sukari. Ita ta fi ba ni haushi.

Laraba da la'asar na wana shi. Kiɗan ya fito tas, da sauri, kamar ana zuba tsakuwa a faranti. Umma ta ce mashaAllah.

Sitti ta karkata kai. "Wannan na waye?"

"Naki ne mana."

"Nawa ba ya gudu. Wannan kamar an biyo shi da sanda."

"Sitti, haka aka ƙera shi. Haka yake a gidan Balad."

"Na gidan Balad na matar gidan ne," ta ce. "Ta bayan ƙofa nake jin sa ina guga. Ke dai hannunki kamar na mahauci, komai sai kin feɗe."

Sai ta rera nata a maƙogwaro, a hankali. A wuri biyu ta yi shiru kaɗan kafin ta ci gaba. Na duba faifan. Daidai inda dalmar Kawu ta kashe haƙoran nan biyu take tsayawa.

Umma ta ce, "Halas, shi ke nan. In ba ta so, gobe masu kwasar kayan gwanjo za su zo."

Sitti ta janye hannunta daga murfin ta ɗora a cinya.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Kwana uku, farcena biyu sun karye, a ce aikin makanike ya fi nawa. Amma ba ni zan saurare shi ba.

Na ce wa Umma akwatin yana aiki, don haka ba inda za shi, ita ta kafa sharaɗin. Giris dai ba zai koma ciki ba. Na yanke shawara da safe zan buɗe fukafukan farfelar don ya rage gudu, in cusa 'yar auduga ƙarƙashin haƙoran nan biyu. Zan zaunar da Sitti kusa da ni tana rerawa ina juya sukurdireba har su zo daidai. Turaren Juma'a kuma ni zan riƙa kai mata, murfin a rufe.